Garmahon Kawu

Tun kafin Bature ya zo da nasa, Bahaushe yana da faifansa. Da kaba ake saƙa shi, a faro daga cibiya, a yi ta naɗewa ana ɗinkewa har ya kai faɗin bakin ƙwarya. Da shi mata ke rufe fura, da shi suke bakace. Saboda haka da baƙin abin nan mai kewaye ya iso ƙasar Hausa ɗauke da muryoyin mutane, ba a sha wahalar neman suna ba, aka ce faifai. Wanda ya raɗa sunan kuwa ya dubi abin da kyau, domin shi ma layi ɗaya ne tak ya naɗe kamar saƙar kaba. Bambancin kawai shi ne, na mata daga ciki yake farowa ya fito waje, na waƙa kuwa daga baki allura take kamawa ta nufi cibiya. Akwatin da ke juya shi, sunansa na Turawa aka tanƙwasa aka ce garmaho, ko da yake ƴan lakwal na wancan zamani sun fi son su ce tourne-disque, don a san sun yi boko. Yau ɗalibaina suna cewa an turo musu faifan bidiyo a waya, alhali babu abin da ke kewayawa a cikin wayar, kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe faifan waƙa a hannu ba. Suna ya rayu, mai suna ya shiga akwati.

Garinmu Gaya yana cikin garuruwan da faifai ya fara yada zango a Nijar, kuma dalilin a fili yake. A wancan zamani, jirgin ƙasa da ke tasowa daga Kwatano a Paraku yake tsayawa. Daga nan sai manyan motoci su kwashi kaya su yo arewa, su ƙetare kogi ta gadar da aka gina a 1958 tsakanin Malanbil da Gaya, sannan su wuce Doso da Yamai. Ta gabas kuma ga Kamba, ƙofar Kabi da Sakkwato. Duk abin da aka buga a Legas ko a Kwatano, ko wanda jirgin ruwa ya sauke daga Faransa, sai ya shaƙi ƙurar Gaya kafin ya isa babban birni. Direbobi da yaran mota da ƴan kasuwa su ne suka zama dillalan waƙa ba tare da kowa ya naɗa su ba.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu. Ya yi shekaru fiye da 20 yana jan babbar mota tsakanin Paraku da Yamai. Ba ya shan taba, ba ya caca, kuɗin da ya rage masa bayan cefane a faifai yake ƙarewa. Ya rasu a farkon shekarar 2023. Da aka zo rabon gado, aka buɗe ɗakinsa na zaure, sai ga akwatin ƙarfe irin na ƴan makarantar kwana, cike da faya-fayi, a kansa kuma ga garmaho ƙirar Japan an lulluɓe shi da tsohon zane. Ni ɗan ƴar'uwa ne, ba ni da ko allura a wannan gado, tun da mamacin ya bar ƴaƴa maza da mata. Babban ɗansa, taubashina, ya dube ni yana dariya ya ce: "Mushe, kai ne mai son tarkace. Ga wani daga ƙetaren kogi yana neman irin waɗannan, ya ce zai ba da jika ɗari ya kwashe duka. In kana da abin cewa, faɗi tun kafin ya dawo." Abin da na roƙa shi ne a ba ni aron kayan na wani lokaci, in tayar da garmahon, ƙungiyarmu ta raya al'adu ta saurara, ta kwafe abin da ya kamata, sannan magada su yi yadda suka ga dama da dukiyarsu. Aka amince.

Faya-fayi 163 na ƙirga. Guda 98 ƙanana ne masu juyi 45 a minti, 54 manya masu juyi 33 da sulusi, sai 11 tsofaffi masu nauyi, masu juyi 78, waɗanda Kawu ya gada daga wani ubangidansa. A kan wasu daga cikin tsofaffin akwai hoton karen nan da ya kafa kunne a bakin ƙahon garmaho, alamar kamfanin His Master's Voice. A gidan Kawu "mai kare" ake ce musu.

Wanda ya bi akwatin nan faifai bayan faifai, zai karanta taswirar kunnen mutumin Gaya na shekarun 1960 da 1970. Ga Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, bugun Najeriya. Ga Franco da ƙungiyarsa ta OK Jazz daga Kinshasa, ga Tabu Ley. Ga Prince Nico Mbarga da waƙarsa ta 1976 da ta game Afirka, wadda aka murza har kwarinta ya yi fari. Ga waƙoƙin finafinan Indiya, ga Ummu Kulsum. A gefe guda, an naɗe cikin ƙyalle na daban don girmamawa, ga karatun Alƙur'ani na Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, wanda a 1961 aka ɗauki karatunsa na Alƙur'ani cikakke a Masar. Mafi yawan ƙananan kuwa na Dahome ne: Poly-Rythmo ta Kwatano, Gnonnas Pedro, El Rego, da Super Borgou ta Paraku, wadda ke waƙa da Barganci da Dandanci, wato da harshen da ake ciniki da shi a kasuwarmu. Da yawansu na ɗauke da tambarin Albarika Store, sunan da kunnen Bahaushe ke ji kamar na gida, wasu kuma na Satel, kamfanin da ya kafa injin buga faifai a Kwatano.

To, kaya kam ga su. Saura abin da zai sa su yi magana.

Na ɗauki garmahon na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan kasuwa, wanda yanzu wayoyin hannu da fitilun caji suka fi yawa a kan teburinsa. Da ya yaye zanen sai ya yi shiru. Can ya ce: "Mushe, rabona da taɓa irin wannan tun mulkin Kunce." Bai jona shi da wuta ba. Ya ɗaga farantin da faifai ke zama a kai, ya nuna mini ƙarƙashinsa. Igiyar robar da ke haɗa injin da faranti ta narke, ta zama baƙin ƙaro ta manne. Ya ce wannan shi ne ciwon farko na duk garmahon da ya daɗe a ajiye a ƙasa mai zafi. Garmaho iri uku ne ta wajen juyi: akwai mai igiyar roba irin na Kawu, akwai mai ƴar tayar roba da ke gogar cikin faranti, akwai kuma wanda injin ke juya farantin kai tsaye, irin Technics SL-1200 da aka fitar a 1972. Biyun farko duk roba ce ransu, roba kuwa ba ta shiri da zafin watan Afrilu. Baba ya kankare ƙaron da auduga da ɗan sinadari, ya zagaya zare ya auna tsawon igiyar, ya rage kaɗan don ta kama, sannan ya shiga tono a cikin buhun matattun rediyoyi masu kaset har ya sami wadda ta yi daidai. Ya ɗiga man keken ɗinki, ɗigo biyu, a gindin sandar tsakiya. Ya ce kada in kuskura in bari wani ya sa man gyaɗa, don yana daskarewa ya riƙe sandar.

Daga nan sai maganar gudu. Babban faifai juyi 33 da sulusi yake bukata a minti, ba ƙari ba ragi. Baba ba shi da wata na'urar awo. Ya manna ƴar farar takarda a bakin faranti, ya ce in riƙe agogo: a minti uku cif, dole takardar ta wuce gabansa sau 100. Muka ƙirga, muka sami 97. Ya juya wani ɗan ƙaramin noti a cikin injin, muka sake, har sau huɗu, kafin ta cika. Na yi shekaru ina koyar da lissafin sulusi a allo, ban taɓa samun misalin da ya kai wannan daɗi ba, kuma tuni na shigar da shi darasi.

A nan ne ya ja mini kunne game da kayan Kwatano. Wutar ƙasashenmu mai ƙarfin 220 ce, kuma tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka rabin wannan ƙarfi ce, tana kaɗawa sau 60. Akwai garmahon da injinsa ke bin kaɗawar wuta sau da ƙafa. In aka kawo irinsa daga Amurka, ko an sa masa na'urar rage ƙarfin wuta don kada ya ƙone, zai yi ta jan ƙafa, ya rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa. Juyi 100 ɗin nan sai ya koma 83, matashiyar zabiya ta koma tsoho mai mura. Irin wannan injin kuma ba ya jituwa da janareta, domin duk sa'ad da aka ƙara wa janareta kaya, kaɗawar wutarsa na sauka, murya ta yi ƙasa, in an rage ta yi sama. A waƙar Hausa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Harshenmu da hawa da saukar murya yake rarrabe kalmomi, kalangu ma da su yake magana. In juyi yana tangaɗi, makaɗi na faɗin abu ɗaya, garmaho na faɗin wani.

Mun yi sa'a na Kawu ba ya cikin wannan jinsi, yana da abin da ke daidaita masa gudu a cikinsa. Sa'ar kuwa ta yi rana, domin a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, Gaya kuwa ta layin Kamba take sha. Ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Duk aikin da muka yi a wannan tsakani da batirin hasken rana na makarantarmu muka yi shi.

Sai allura, wadda ita ce zuciyar al'amarin, kuma a kanta nake so in ɗan daɗe.

Kwarin da ke jikin faifai bai kai kaurin gashin kai ba, amma in da za a warware na fuska ɗaya ta babban faifai a miƙe shi, zai doshi rabin kilomita. Bangon kwarin nan ba santsi gare shi ba, lanƙwashe-lanƙwashe ne ƙanana, kuma su ne sautin. Allura na bin su tana karkarwa, kan allurar na mai da karkarwar ta zama ƴar wutar lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita iska. Ke nan muryar Shata, wanda ya rasu tun 1999, tana nan a kwance a jikin roba kamar sawun tsuntsu a kan laka da ta bushe. Tun da Edison ya ƙera na'urarsa a 1877, Emile Berliner kuma ya zo da faifai shimfiɗaɗɗe shekaru goma bayan haka, asalin dabarar bai sake ba. Abin da ya sake shi ne kayan aiki. Allurar garmahon wani, mai ƙaho, ta ƙarfe ce, fuska ɗaya take yi a jefar. Ta zamanin Kawu ɗan ƙwayar daiman ce a bakinta, tana iya awa 500 zuwa 1000 in ana kula da ita. Bayan haka bakinta ya kan ci ya yi kaifi, sai ta daina bin kwari ta koma sassaƙarsa. Abin tsoron shi ne, kunne ba ya saurin ganewa. Kafin mutum ya ji waƙa ta dushe, an riga an yi ɓarnar, kuma abin da allura ta kankare ba ya dawowa.

Baba ya duba ta Kawu da gilashin masu gyaran agogo ya ce ta mutu. Amma a cikin akwatin, a wani gwangwanin madara, mun tarar da sabuwa guda ɗaya a cikin kwalinta, ba a taɓa buɗewa ba. Kawu ya saye ta ya ajiye don wata rana, ranar ba ta zo masa ba.

Ɗora allura wani ilimi ne. A bayan hannun garmaho akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa. Za a yi ta matsar da shi har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kamar ma'aunin da aka daidaita. Sannan a juyo shi kaɗan don allura ta sami nauyin da aka ƙayyade mata. Irin tamu giram biyu take so. Don mu tabbata, sai da muka aro ɗan ma'aunin da masu sayen zinariya ke aiki da shi. Baba ya ce a da, in faifai yana tsalle, sai a ɗora kuɗi a kan allurar don ta zauna. Kowa ya yi haka, in ji shi, har masu kiɗan biki. Na auna ƙwandalolin da ke aljihuna: dala giram uku ce, dala biyar giram takwas. Wato allurar da aka yi don giram biyu an ɗora mata goma. Ai ba tsalle kaɗai za ta bari ba, garma ta zama. Da na duba faya-fayin da aka fi so a gidan Kawu, waɗanda kwarinsu ya yi fari, sai na gane cewa ƙauna ce ta cinye su. Waɗanda ba a damu da su ba suna nan garau kamar jiya aka buga.

Tsalle kuwa, sau da yawa, ba rashin nauyi ke kawo shi ba. Ko dai datti ne ya toshe kwari, ko teburin ya karkata. Mun daidaita namu da kwanon ruwa: aka ɗora shi a kan faranti, aka yi ta cusa takarda ƙarƙashin ƙafafun tebur har ruwan ya yi daidai da bakin kwano ta ko'ina. Lasifika kuma aka sauke su ƙasa, nesa da teburin, domin in suna tare, rugugin kiɗa na komawa cikin allura, sai a ji wani gurnani yana ta ƙaruwa.

Ranar da muka fara kunnawa a ɗakin ƙungiya, abu biyu suka taso. Na farko, wani ƙugi mai kauri kamar na rumbun zuma, tun ba a ɗora allura ba. Akwai wata siririyar waya da ke fitowa daga bayan garmaho, ba ta da kan jonawa. Yaron da ya taya mu ya ɗauka ta banza ce ya naɗe ta. Ita ce wayar ƙasa, kuma da aka ɗaure ta a jikin ƙarfen amfilifaya sai ƙugin ya ɗauke ɗif. Na biyu, da waƙar ta fito, sai ta fito siririya kamar kukan sauro, babu ganga babu kauri. Dalili shi ne, masu buga faifai da gangan suke rage kaurin sauti su ƙara kaifinsa, don kwari ya yi ƙanƙanta waƙa mai tsawo ta samu shiga. Tun 1954 aka fara daidaitawa a kan ƙa'ida guda ta yin haka. Dole ne a sami wata ƴar na'ura da za ta mai da sautin yadda yake. Tsofaffin amfilifaya suna da ita a ƙofar da aka rubuta wa Phono, na zamani kuwa akasari babu. Sai da muka aro wata tsohuwa daga wani mai haya da lasifika a wuraren biki.

Wanki ya ci mana makonni. Ƙurar hunturu na shiga kwari ta zauna, daminar Gaya kuma, wadda ta fi ta ko'ina ruwa a Nijar, ta bar funfuna a jikin kwalaye, gara ta ci gefen wasu. Da tataccen ruwa muka yi aiki, irin wanda ba a sa masa komai ba, da ɗigon sabulun ruwa, da ƙyalle mai laushi, ana bin kwari yadda ya kewaya, ana kiyaye takardar tsakiya. A shanya a inuwa, a tsaye. Faifai ba ya son rana, ba ya son ɗakin kwano a rufe, ba ya son a jibga shi kwance wani kan wani. Guda bakwai mun same su sun lanƙwashe kamar soyayyen ƙosai, babu yadda za a yi da su. Masu kare kuwa ba roba ba ne, da wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya aka yi su. Suna fashewa kamar tangaran, kuma sinadarin da Baba ya goge injin da shi narkar da su yake yi. Kwarinsu ma ya fi faɗi, allurarsu ta ninka tamu kauri kusan sau huɗu, juyinsu kuma garmahon Kawu ba shi da shi. Muka naɗe su muka mayar.

Mai karatu na iya tambaya: duk wannan wahala don me, alhali waƙoƙin Shata na cikin wayar kowane ɗan kabu-kabu? Tambayar tana da hujja. Ni ma ba na cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Faifai bai taɓa dacewa da mawaƙin Hausa sosai ba. Mai juyi 78 minti uku yake ɗauka a fuska, alhali a minti uku makaɗin fada bai gama gaisuwa ba. Babban faifan da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 ya kai minti 20 da ɗoriya, ƙaramin da RCA ta fitar a 1949 bai wuce biyar ba. Da kaset ta zo, wadda Philips ta ƙirƙiro a 1963 ta kuma mamaye kasuwanninmu a ƙarshen shekarun 1970, sai ta ba da awa guda ko awa ɗaya da rabi, ga arha, ga aiki da batir, ba ta tsalle a kan hanyar Doso, kuma kowa na iya ɗaukar muryar makaɗin garinsu da kansa. Kaset ta kayar da faifai da gaskiyarta. Kawu ma faifansa na ƙarshe na farkon shekarun 1980 ne.

Amsar tambayar a wajen Inna na same ta, matar Kawu. Mun gayyace ta zama na uku, ta zo da ƙawayenta biyu. Aka ɗora wani ƙaramin faifai na Super Borgou. Takardar tsakiyarsa sunan ƙungiya da sunan waƙa da lamba kawai ta faɗa. Inna ta saurara har ya ƙare, sannan ta ce: "Ɗan nan, sake sa shi." Da aka sake, sai ta fara bayani: wannan shi aka kaɗa a daren da aka kawo ta, a tsakar gidan surukinta, da garmahon aro mai batir, kalmar nan da mawaƙin ke maimaitawa Dandancin Paraku ce, mu nan ba haka muke faɗinta ba, rawar da ake yi masa kuma ga yadda take. Ta tashi, tsohuwa mai shekara 70 da wani abu, ta taka sau uku ta zauna, ƙawayenta na tafa mata. A kan faifan Shata kuma, wani tsohon direba ya warware mana wane ne ake yabo, da sana'arsa, da abin da ya sa aka yi masa habaici a tsakiyar yabon. Babu ɗaya daga cikin wannan da ke rubuce a kwali, babu shi kuma a wayar ɗan kabu-kabu.

Waya kowa da tasa yake ji, a kunnensa shi kaɗai. Garmaho kuwa tara mutane yake yi. Sai an tashi an juya faifai, sai an goge allura, kuma a wannan ɗan shirun ne tsofaffi ke buɗe baki. Daga ranar muka tsara aikin: duk yammacin Asabar, faifai shida. Ana juya shi sau ɗaya ana kwafewa a kwamfuta, don a tsimi allura. Ɗalibi ɗaya na riƙe da rajista yana rubuta abin da ke jikin takarda, wani na rubuta abin da dattawa suka faɗa, da harshen da suka faɗe shi, Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci. Ba ma sayar da kwafin, ba ma watsa shi, don haƙƙin masu waƙa yana nan ko sun mutu.

Ina ganin wannan aiki ne da ya dace da kowace ƙungiya da kowace makaranta a ƙasar nan. Cibiyoyi irin su CELHTO da IRSH a Yamai, da ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa da aka buɗe tun 1958, suna riƙe da nasu kaso. Turawa ma sun ɗauki nasu: Tolia Nikiprowetzky ya naɗi makaɗan Nijar a 1963, kamfanin Ocora na Faransa ya buga, David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau, aka buga a jerin faya-fayin UNESCO. Amma waɗannan abin da masana suka zaɓa ne. Abin da talaka ya zaɓa da kuɗinsa, ya yi aure da shi, ya yi suna da shi, yana cikin akwatunan ƙarfe a zaurukan gidaje, tare da gara.

Waje kuwa an farga. A Amurka, a 2022, yawan faya-fayin garmaho da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Kamfanin Analog Africa na Jamus ya sake buga waƙoƙin Super Borgou a 2012. Sahel Sounds na Amurka ya ɗauki kaset ɗin da Mamman Sani ya yi a Yamai a 1978 ya mai da shi faifai a 2013. Ba na zargin waɗannan, don sun fito da sunayen da aka manta, duniya ta ji su. Sai dai kasuwar da ta buɗe ta haifar da masu yawo gari-gari suna kwashe akwatuna a farashin gwanjo, kuma faifan da ya ƙetare teku ba ya tafiya da Inna.

Mai sayen ya dawo bayan watanni, ta kwale-kwale, don an rufe gada tun rikicin 2023. Saurayi ne mai ladabi, ya san aikinsa. Ya zauna a kan tabarma yana ɗaga kowane faifai ga hasken ƙofa. Wannan karon taubashina ya ƙi cinikin jimla, tun da rajistarmu ta nuna masa abin da ke hannunsa, ya ce ɗaya-ɗaya za a yi. Saurayin ya ware na Dahome guda 41, duk mun riga mun kwafe su, ya biya fiye da ninki uku na abin da ya taya akwatin gaba ɗaya a farko. Aka raba kuɗin a kan ƙa'idar gado. Inna ta cire guda ɗaya daga cikin tarin ta sa a ƙarƙashin mayafinta, ba wanda ya ce mata uffan.

Na Shata da na Ɗanmaraya kuwa ko juya su bai yi ba. Ya ce masu sayensa na Turai kiɗan rawa suke nema, mai jita da ƙaho, waƙar da duk daɗinta a cikin magana yake ba su san inda za su sa ta ba. Taubashina ya tura mini su da ƙafa ya ce: "Mushe, ga naka, waɗanda ba su da kasuwa." Ƙungiya ta biya magada ɗan abin da ta iya, ta karɓi garmahon da sauran faya-fayin.

Rajistarmu ta cika littafi biyu, an shiga na uku. Bisa lissafin da muke yi a bangon littafin, allurar Kawu ta ci awa 140. Daga cikin dattawa tara da suka fara zama da mu, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya daga cikinsu shi ne direban da ya warware mana habaicin nan. Wasu gidaje uku sun aiko da nasu akwatunan, ɗaya daga Tanda. Masu kare goma sha ɗaya suna nan a naɗe cikin zanen Kawu. Baba ya ce akwai wani tsohon garmaho mai juyi 78 a wajen wani abokin sana'arsa a Kamba, kuma ya yi alkawarin in ya je ɗaurin aure bayan salla zai taho da shi.